Sirrin Mai Neman Mafaka a Kundin Kotu

Duk wanda ya gudo daga ƙasarsa saboda tsoron zalunci, ya isa wata ƙasa yana roƙon a ba shi amana, to, kafin a ce masa ya sauke kayansa ya zauna, sai ya buɗe cikinsa ya faɗi abin da watakila bai taɓa gaya wa shaƙiƙinsa ba: wane ne ya kama shi, a wane ɗaki aka tsare shi, me aka yi wa jikinsa, me aka yi wa iyalinsa a kan idonsa, wace jam'iyya ya yi wa aiki a ɓoye, su wa suka ba shi maɓoya, wa ya sayar da gona ya biya masa kuɗin hanya. Yarjejeniyar Janeba ta 1951, wadda ita ce tushen dokokin 'yan gudun hijira a duniya, ta sharɗanta cewa sai tsoron mutum ya kasance mai dalili, ya kuma danganci launin fatarsa ko ƙabilarsa, ko addininsa, ko ƙasarsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ko kasancewarsa cikin wani rukuni na jama'a. Dalili kuwa ba ya tabbata a gaban alƙali sai da bayani filla-filla, da ranaku, da sunayen wurare, da takardar likita. Saboda haka gwargwadon gaskiyar mutum da cikar bayaninsa, gwargwadon haɗarin da ke cikin takardarsa ranar da ta faɗa hannun waɗanda ya guje wa.

Ga shi kuma ƙasashen da aka fi gudu zuwa gare su suna riƙe da wata ƙa'ida mai daraja, wadda babu mai hankalin da zai so a rushe ta, watau shari'a a bainar jama'a ake yin ta, kowa yana da ikon ya shiga ya saurara, ya karanta hukunci, ya ga hujjar da alƙali ya dogara da ita. A zamanin da, ƙa'idar nan ba ta cika cutar da kowa ba, domin kuwa ko da yake kundin a buɗe yake bisa doka, wanda yake son ganinsa sai ya yi tattaki zuwa ofishin magatakardar kotu, ya san lambar ƙara, ya jira a lalubo masa takardu a rumbu, ya biya kuɗin kwafi. Wahalar nan kaɗai ta isa ta zama katanga tsakanin mai rauni da mai nemansa da sharri. Da intanet ta zo sai katangar ta faɗi, ba tare da an canja ko harafi ɗaya na doka ba.

A Kanada ne mas'alar ta fi fitowa sarari. Hukumar da ke sauraron masu neman mafaka a can, wadda aka kafa a 1989, a asirce take zamanta, idan kuma za ta buga hukunci sai ta shafe sunaye ta sa jerin harafin X a gurbinsu. Amma wanda hukumar ta ƙi, ya tafi Kotun Tarayya yana roƙon a sake duba al'amarinsa, ya fita daga wannan inuwa ke nan. A can galibi sunansa ne kan ƙarar, wane da Ministan Shige da Fice, kuma da wannan suna za a buga hukuncin a shafin kotu da kuma rumbun CanLII, wanda ƙungiyoyin lauyoyin ƙasar suka kafa domin kowa ya karanta shari'a kyauta. Abin da ya faɗa a ɗaki rufe, bisa alkawarin sutura, sai ga shi alƙali ya taƙaita shi a sakin layi goma a ƙarƙashin cikakken sunansa. Mu lura kuma da ko wane ne wannan mutum: shi ne wanda aka ƙi, watau wanda ya fi kowa kusa da a ɗora shi a jirgi a mayar da shi inda ya fito.

Masu kula da CanLII sun daɗe da hango haɗarin, shi ya sa suka hana Google da ire-irensa kwashe matanin hukunce-hukuncen, don kada a rubuta sunan mutum kawai a ga shari'arsa ta faɗo. Duk da haka wani shafi mai suna Globe24h, wanda ake gudanarwa daga Romaniya, ya kwafe hukunce-hukuncen Kanada ya baza su yadda Google zai gan su, sa'an nan ya riƙa karɓar kuɗi daga mutanen da suka zo suna roƙon a cire sunansu. Sai a 2017 Kotun Tarayya ta hukunta cewa abin da yake yi ya saɓa wa doka, ta umurci a sauke su, ta yanka diyyar dala 5,000 ga wanda ya kai ƙara. Mai shafin nan kuɗi kawai yake nema. Wanda ke neman ran mutum ba zai fi shi rashin dabara ba.

Ostareliya ta bi wata hanya tun 2001, lokacin da ta sa wa dokarta ta shige da fice sashe na 91X, wanda ya haramta wa kotunan tarayya buga sunan duk mai neman takardar kariya, shi ya sa ƙararrakinsu ke ɗauke da haruffa kamar SZSSJ a maimakon suna. Amma doka daban, hannun ma'aikaci daban. A watan Fabrairu na 2014 ma'aikatar shige da fice ta ɗora rahoton ƙididdiga a shafinta, ashe a ƙarƙashin jadawalin da ido ke gani akwai ɓoyayyen jeri mai ɗauke da sunaye, da ranakun haihuwa, da ƙasashen mutum 9,258 da ke tsare. Bincike ya nuna an buɗe takardar sau 123 kafin a ankara. A watan Maris na 2020 kuma gidan rediyo da talabijin na ABC ya gano cewa ita kanta Kotun Tarayya, ta wurin binciken ƙararraki na shafinta, ta bayyana sunayen masu neman mafaka aƙalla 400. Hakazalika a Amurka, ranar 28 ga Nuwamba 2022, hukumar shige da fice ta ICE ta ɗora sunaye, da ranakun haihuwa, da wuraren tsare mutum 6,252 masu neman kariya, suka yi kimanin awa biyar a fili kafin ƙungiyar Human Rights First ta ja hankalinta. Magana kuwa zarar bunu ce. Shi ya sa a Ostareliya aka umurci jami'an da suka sake duba al'amarin waɗanda ɓarakar 2014 ta shafa su ƙaddara cewa hukumomin ƙasashen da suka gudo daga cikinsu sun riga sun ga bayanan, kuma sai a 2021, bayan shekara bakwai, aka yanke cewa a biya diyya ga mutum 1,297 daga cikinsu.

Wanda ya karanta Sira ya san cewa azzalumi ba ya tsayawa a kan iyaka. Sa'ad da Sahabbai suka yi hijira zuwa Habasha, Ƙuraishawa sai da suka tashi manzanni da kyaututtuka zuwa fadar Najjashi don a miƙo musu su. Bambancin da ke akwai a yau shi ne, ba a bukatar manzo ko kyauta. Ƙaramin jami'i da wayar hannu ya isa, kuma idan wanda ya gudu ya fi ƙarfinsa, to, uwarsa da ƙannensa suna nan a gida. Bal ma masana shari'a sun yarda cewa bayyanar neman mafaka ita kanta tana iya haifar da sabon haɗari ga wanda da can ba shi da hujja mai ƙarfi.

Mai karatu zai iya cewa, in haka ne, me zai hana a rufe kundin nan baki ɗaya? Ni kam ban yarda da wannan ba ko kaɗan, domin su 'yan gudun hijirar ne za su fi kowa cutuwa. Farfesa Sean Rehaag na Jami'ar York da ke Toronto ya bi ƙararraki sama da 23,000 da masu neman mafaka suka shigar a Kotun Tarayya tsakanin 2005 da 2010, ya nuna a 2012 cewa samun izinin a saurari mutum ya danganta ƙwarai da alƙalin da ƙararsa ta faɗa hannunsa, wani yana yawan bayarwa, wani da ƙyar. Daga baya kuma, a 2023, ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira ya tace dubban bayanan kotu game da roƙon dakatar da kora, ya sake samun irin wannan saɓani tsakanin alƙalai. Da kundin a rufe yake, da wa zai san haka? Faransa ta yi abin da nake gani kuskure ne a dokarta ta Maris 2019, inda ta haramta amfani da sunayen alƙalai wajen auna ko hasashen yadda suke hukunci, har da horon ɗaurin da zai iya kai shekara biyar. Wanda ya cancanci sutura shi ne mai rauni da ya zo neman adalci. Mai riƙe da alƙalamin hukunci kuwa, maslahar jama'a ita ce a ga aikinsa.

To, ashe abin da ake bukata shi ne a bar hukunci a buɗe, a cire mutumin daga cikinsa. Hujjar da aka daɗe ana kafawa wajen ƙin yin haka ita ce yawan aiki, kuma ba ƙarya ba ne, domin ƙararrakin shige da fice da aka shigar a Kotun Tarayya ta Kanada a 2024 kaɗai sun haura 20,000, kowace da takardun rantsuwa da shaidu. A nan ne na'ura ta shigo.

Faransawa, duk da abin da na faɗa a kansu, su ne suka yi nisa a wannan fanni. Dokarsu ta Oktoba 2016 ta wajabta a sakar wa jama'a hukunce-hukuncen kotuna kyauta, alhali kuwa miliyoyi ake yankewa kowace shekara, sai babbar kotunsu ta ɗaukaka ƙara da ke Paris ta gina na'urar sakaya sunaye da kanta, ta buɗe rumbun Judilibre a 2021. Ba kotun 'yan gudun hijira ba ce, amma hanyar aikin ɗaya ce a ko'ina. Ana tara dubban hukunce-hukunce, mutane su bi su layi-layi suna sa alama, wannan sunan mai ƙara ne, wannan adireshi ne, wannan ranar haihuwa ce, wannan lambar asusu ce, sa'an nan a ba na'ura ta yi ta bita har ta iya gane suna daga kalmomin da ke kewaye da shi, ko da ba ta taɓa cin karo da shi ba. Dole ta bambanta sunan alƙali da na lauya, waɗanda ake bari, daga na mai ƙara da shaidunsa, waɗanda ake cirewa. Dole kuma wanda ta kira A a shafin farko ya zauna A har shafi na arba'in, in ba haka ba labarin ya rikice, a kasa gane wa ya yi wa wa me. Bayan ta gama sai ma'aikata su bi sawunta a allon kwamfuta suna gyara. Wannan bin sawu wajibi ne, domin idan aka ce, a misali, na'ura tana dacewa sau 99 cikin 100, to, hukuncin da aka ambaci sunaye sau 200 a cikinsa zai fita da guda biyu a fili, guda ɗaya kuwa ya isa.

Akwai wani rauni a nan da ya shafe mu kai tsaye, tun da yake 'yan Nijeriya suna cikin waɗanda suka fi yawa a masu tsallakawa daga Amurka zuwa lardin Kebek ta hanyar Roxham tsakanin 2017 da 2019, kuma shari'o'insu suna cikin kundin nan. Hukuncin da Ingilishi ko Faransanci ake rubuta shi, amma sunayen da ke ciki namu ne, na'urar kuwa galibi da rubutun Turawa aka yi mata tarbiyya. A ƙasar Hausa mutum yakan ɗauki sunan garinsu ya zama sunansa na biyu, kamar yadda aka san Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari, saboda haka na'urar da aka ce ta cire sunan mutum ta bar sunan gari tana iya yanke rabi ta bar rabi. Sunan Muhammadu kaɗai ana iya samunsa da rubutu iri huɗu a fayil guda, fasfo daban, takardar makaranta daban, bakin tafinta daban. 'Yan'uwanmu na kudu suna da Sunday da Blessing da Patience, waɗanda a tsakiyar jimlar Ingilishi kama suke da kalmomin yau da kullum. Ga alkunya, inda mace za ta ce Baban wane don kada ta ambaci mijinta, ta haka ta bayyana uba da ɗa a lokaci guda. Masu bincike na ƙungiyar Masakhane sun fitar da tarin rubutu mai alamun sunaye a harsunan Afirka goma a 2021, har da Hausa da Yarbanci da Ibo, kuma irin wannan aiki ne ya kamata kotunan can su nema, su kuma ɗauki masu bin sawu daga cikin al'ummomin da sunayen suka fito.

Amma duk wannan shi ne mai sauƙin. Mu ƙaddara an cire kowane suna tsaf, hukunci ya fito yana cewa mai ƙara, wadda aka sakaya da harafin A, ungozoma ce a asibitin wani ƙaramin gari, mijinta shi ne sakataren jam'iyyar adawa na gundumar, an kama shi kwana biyu bayan zaɓe, ita kuma aka ƙona ta a hannun hagu, ta gudu da 'ya'ya uku, na tsakiyan gurgu ne, limamin masallacin kasuwa ne ya ɓoye su dare biyu. Ba a ambaci kowa ba, amma duk ɗan garin nan da ya karanta ya san ko wace ce, ya kuma san limamin, wanda shi bai gudu ba, yana nan yana jan salla. Kamar mutum ne ya rufe fuskarsa da mayafi ya ratsa unguwarsu. Tafiyarsa ce za ta tona shi. Latanya Sweeney ta lissafa a 2000 cewa abubuwa uku kacal, lambar yankin gidan waya, da ranar haihuwa, da kasancewa namiji ko mace, sun isa su ware kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ɗaya-ɗaya. A 2019 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Zurik sun gwama hukunce-hukuncen da aka sakaya, masu alaƙa da farashin magunguna, da wasu bayanai da ke a fili, suka gano waɗanda ake nufi a kashi 84 cikin 100. Shi ya sa da masana a Oslo suka shirya ma'aunin gwada na'urorin sakayawa a 2022, daga hukunce-hukunce 1,268 na Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, suka raba alamomi gida biyu, masu nuna mutum kai tsaye da masu nuna shi idan an haɗa su, suka kuma ga cewa na'urar da sunaye kawai ta iya ba ta wadatar ba.

Abin da ya sa shari'ar mafaka ta fi sauran wuya shi ne, waɗannan alamomi su ne ainihin shari'ar. A rikicin bashi ana iya share gari da sana'a ba a rasa kome ba. A nan kuwa idan aka share ƙasa, da addini, da jam'iyya, da lokacin da abin ya faru, babu sauran abin da lauyan gobe zai kafa hujja da shi, babu kuma yadda za a gane ko alƙali ya yi daidai. Sai dai a bi tsaka-tsaki, a mai da gari lardi, a mai da rana wata ko shekara, a mai da ungozoma ma'aikaciyar lafiya, a ce wani malami ya ɓoye su, a cire gurguntar yaron in ba a kanta hukunci ya rataya ba. Manyan na'urorin harshe na yanzu, da yake suna bin ma'anar zance, suna iya nuna wa alƙali cewa sakin layi kaza ya tara alamomi biyar da suka isa su ware mutum guda, su kawo masa lafazin da ya fi faɗi. Wannan taimako ne babba. Amma auna abin da shari'a ba za ta tsaya ba sai da shi, da abin da za a iya saki domin tunkuɗe ɓarna, ijtihadi ne, kuma a wuyan wanda ya sa hannu a hukunci yake. Dokar Faransa ma ga alƙali ta bar ikon umurtar a ƙara rufe duk wani abu da zai jefa mutum cikin haɗari.

A 2023 wasu masu bincike a birnin Bern sun gwada ko irin waɗannan na'urori za su iya gano mutanen da aka sakaya a hukunce-hukuncen kotun ƙolin ƙasarsu, suka tarar galibi sun kasa. Labari ne mai daɗi, sai dai bai kwantar mini da hankali game da ɗan gudun hijira ba, saboda na'urar da aka gwada lalube take cikin mutanen duniya, shi kuwa mai farautar ungozomar nan ya riga ya san ta, ya san mijinta, ya san ranar da ya kama shi. Abin da ya rage masa shi ne ya san ƙasar da ta faɗa da abin da ta faɗi, kuma na'urar da za ta karanta masa hukunci dubu hamsin a dare ɗaya tana neman ungozoma mai ƙuna a hannun hagu, ita ce dai wadda kotu ke amfani da irinta wajen rufewa.

Sai kuma a kula da inda na'urar take zaune. Magatakardan da ya kwafi takardar rantsuwar mai neman mafaka ya liƙa ta a manhajar wani kamfani don ta share masa sunaye, ya riga ya fitar da sirrin kafin a rufe shi. Lalle ne aikin ya gudana a kwamfutocin kotu, ƙarƙashin ikonta, kuma ya wuce matanin hukunci ya kai ga hotunan fasfo, da hatimin asibiti, da rubutun hannu a gefen takarda, da sunan fayil, da abin da ke kwance a ƙarƙashin baƙin layin da aka ja a kan kalma ba a goge ta ba, tun da ta irin wannan kafa ce asirin mutum 9,258 ya fita.

Kanada ta ɗan matsa a 2021. A shekarar ne Kotun Ƙoli, a shari'ar gadon iyalan Sherman, ta amince cewa sirrin da ya taɓa mutuncin ɗan Adam maslaha ce ta jama'a wadda za ta iya sa a taƙaita buɗe kundi, a shekarar ne kuma aka ƙara ƙa'ida ta 8.1 a dokokin Kotun Tarayya, wadda ta ba mai ƙara damar cike takarda ya roƙi a sakaya sunansa. Sai dai roƙo sai wanda ya san ana roƙo. Wanda ba shi da lauya, ko lauyansa na gaggawar cika wa'adi, haka sunansa zai tafi. Kotun Tarayyar Turai ba ta jira a roƙe ta ba: tun Yuli 2018 take cire sunayen mutane daga ƙararrakin da kotunan ƙasashe ke aiko mata don neman fassarar doka, daga Janairu 2023 kuma kwamfuta ke ƙaga wa ƙararrakin da aka sakaya sunan aro, don lauyoyi su sami abin kiransu da shi. A ganina wannan ne daidai, sutura ta zama asali, wanda yake son a buga sunansa, kamar ɗan siyasar da ke son duniya ta ji, shi ne zai nema. Saura kuma tsofaffin hukunce-hukunce na shekaru da dama da ke kan intanet yanzu haka da cikakkun sunaye, waɗanda babu kotun da ke da ma'aikatan da za su bi su da hannu, alhali na'ura tana iya tace su ta jera su bisa girman haɗari, a fara da na waɗanda aka ƙi aka mayar gida.